Idan Babu Kabar a Kicin: Abin da Ke Iya Maye Gurbinsa, da Inda Madadi Ke Zama Ha'inci

Duk wanda ya taɓa buɗe littafin girkin Italiya, ko ya bi wani bidiyon dafa abinci na mutanen gaɓar Bahar Rum, da wuya a ce bai ci karo da wani ɗan abu kore mai kama da ƙwayar wake ba, wanda ake cewa a zuba cokali ɗaya ko biyu dab da sauke tukunya. Turawan Ingila suna ce masa capers, Italiyawa capperi, Larabawa kuma kabar. Hausa ba ta raɗa masa suna ba, domin ba cimar Bahaushe ba ce. Sunan Larabcin ne ya fi sauƙi a harshe, in dai an kula kada a ƙara masa wasali a ƙarshe ya koma kabari.

Samunsa a Kano ko Zinder ko Tamale sai an sha yawo, kuma ko a manyan kantunan Abuja ba kullum ake dacewa ba. Tun da Babban Bankin Najeriya ya saki darajar naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga kusan naira 460 ta haura 1,500 cikin 'yan watanni, duk abin da ke zuwa daga ƙetare a cikin kwalba ya zama abin da ake tunani sau biyu kafin a ɗauka. Don haka mai girkin otal, da mai sana'ar abincin biki, da uwargidan da ke son gwada sabon abu ranar Asabar, duk suna komawa ga tambaya ɗaya: me za a saka a madadinsa? Amsar da ta fi yawo ita ce a yanka koren zaitun a zuba. Amsar ba ƙarya ba ce, amma rabin magana ce, kuma a wasu girke-girken ɓata abincin take yi. Kuskuren yana cikin tambayar kanta. Ana neman abin da ya yi kama da kabar a ido, alhali abin da ya kamata a nema shi ne abin da zai yi aikin da kabar ke yi a cikin wannan tukunyar takamaimai. Kama da wane ba ta wane.

Kafin a kai ga madadi, ya kamata a san abin da ake ƙoƙarin maye gurbinsa. Kabar ba iri ba ne, ba kuma ɗan itace ba ne. Ƙullin fure ne da aka tsinke kafin ya buɗe, daga wani tsiro mai yaɗo da masana ke kira Capparis spinosa. Tsiron yana son rana da fari da ƙasa mai duwatsu, har yakan fito daga tsagin tsofaffin ganuwoyi. Ana ganin sa yana reto a jikin ganuwar birnin Rum da bangayen tsohon birnin Ƙudus. Idan aka bar ƙullin ya buɗe, sai ya ba da farin fure mai dogayen zare masu launin shunayya, wanda ba ya wuce yini guda. Daga nan ne ɗan itacen ke fitowa, mai kama da ƙaramin zaitun da dogon sanda, cike da iri, wanda shi ma ake jiƙawa a ci, amma ɗanɗanonsa bai kai na ƙullin ƙarfi ba. A wasu tsibiran Girka da Kubrus har ganyen ake jiƙawa.

Tsadarsa daga hannu take. Ƙullin ba ya nuna gaba ɗaya, kuma inji ba ya iya tsinkarsa, sai mutum ya riƙa komawa gindin tsiro ɗaya duk bayan 'yan kwanaki tsawon bazara, da sassafe kafin rana ta yi zafi, yana tsinka ɗaya bayan ɗaya, sau da yawa cikin ƙaya. Sannan a tace shi bisa girma. Wanda bai wuce milimita 7 ba, da Faransawa ke kira nonpareil, wato marar tamka, shi ne mafi tsada. Wanda ya haura milimita 14 shi ne na ƙarshe a daraja. Maroko da Turkiyya da Sifaniya suna cikin manyan masu fitar da shi, amma wanda ya fi suna shi ne na Pantelleria, wani ɗan tsibirin Italiya mai duwatsun aman wuta wanda ya fi kusa da Tunisiya a kan Sisili. A 1996 Tarayyar Turai ta ba kabar ɗin wannan tsibiri kariyar suna, ta yadda ba wanda zai sayar da na wani wuri da sunansa. Mutanen tsibirin da busasshen gishirin teku kawai suke adana shi.

Ɗanyen kabar ba ya ciyuwa saboda ɗaci. Abin da ke mayar da shi abin marmari yana faruwa ne a cikin gishirin. A cikin ƙullin akwai wani sinadari da ake kira gulukokafarin, da kuma wani sinadarin mai farfasa shi, kowanne a ɗakinsa. Idan gishiri ya zuƙe ruwan ƙullin ya karya bangon da ke tsakaninsu, sai su haɗu su saki wani abu mai yaji da ke hawa hanci, daga rukunin da ake kira man mastad. Fararen ɗigo-ɗigon da ake gani a jikin kabar na kwalba kuwa, waɗanda wasu ke ɗauka fumfuna ce su zubar da kwalbar, wani sinadari ne mai suna rutin da ke fitowa ya daskare, kuma ba ya cutarwa.

Daga nan za a iya rarrabe ayyukan da wannan ɗan ƙulli ke yi. Yana kawo gishiri. Yana kawo tsami, musamman wanda aka jiƙa a ruwan khal. Yana kawo wannan yajin mastad mai haɗe da ƙamshin fure da ɗan ɗaci. Sannan yana da wani aiki da ba a cika ambata ba: ba ya narkewa a cikin miya. Mai ci yana cikin cin abu mai maiƙo da laushi, sai haƙorinsa ya fasa ƙwaya ɗaya, ɗanɗano ya tarwatse a baki, ya wuce, sai kuma an sake cin karo da wata. Wannan tsalle-tsallen ɗanɗano shi ne dalilin da ya sa matse lemun tsami a cikin miyar gaba ɗaya ba ya taɓa ba da abin da kabar ke bayarwa, ko da an daidaita tsamin. Koren zaitun yana biyan na farko da na huɗu, ya ɗan taɓa na biyu, amma ba shi da na uku ko kaɗan. Kuma yana zuwa da nasa maiƙon, alhali sau da yawa don a karya maiƙo ake saka kabar tun farko.

Taliyar puttanesca ta birnin Napoli ita ce misalin da ya fi fito da raunin shawarar zaitun. Miyarta tumatir ce da tafarnuwa da barkono da baƙin zaitun da kabar, wasu su ƙara ƙananan kifin gishiri da ake kira anchobi. Zaitun yana cikinta tun asali. Wanda ya cire kabar ya ƙara zaitun bai maye gurbin komai ba. Miyar zaitun kawai ya yi. Abin da ya ɓace shi ne tsami da yaji masu yanka zaƙin tumatir, don haka abin da ya fi dacewa shi ne wani abu mai tsami da aka yanka ƙanana a zuba a ƙarshe, tare da ɗan ruwan khal. Sa'ar da aka yi ita ce man mastad yana tashi da zafi, saboda haka duk girkin da kabar ke daɗewa a wuta, rashinsa bai cika fitowa fili ba.

A girkin piccata kuwa, inda ake soya siraran yankan naman maraƙi ko na kaza a yi musu romon man shanu da lemo, kabar ne ke hana man shanun gundurar mai ci. A nan zaitun yana iya shiga, da sharaɗin a yanka shi daidai girman kabar, a haɗa da kankararren ɓawon lemo da ɗan mastad a bakin cokali. (Masu girki Musulmi sun riga sun saba da sauyi a wannan abinci, domin da yawa daga girke-girkensa suna cewa a zuba farar giya, su kuwa romon kaza da ƙarin lemo suke sakawa, kuma ba wanda ya ce abincin ya lalace.) Miyar tartar da ake ci da soyayyen kifi ita ce mafi sauƙi: mayonis ce da jiƙaƙƙiyar kokwamba da kabar, don haka ƙara kokwambar da ɗan mastad ya wadatar, kuma mutum goma za su ci tara ba su lura ba. Haka ma ƙwallayen nama na Königsberg, abincin Jamusawa da ake yi wa farar miya: jiƙaƙƙiyar kokwamba da lemo suna riƙe shi, ko da yake Bajamushe zai gane.

Akwai kuma inda ba a sauyi. Tapenade, wani markaɗen zaitun da kabar da anchobi da ake shafa wa burodi a kudancin Faransa, sunansa ma daga kalmar da mutanen yankin Provence ke kiran kabar ya samo asali. Tapenade marar kabar tamkar miyar kuka ce marar kuka. Za a iya markaɗa zaitun da tafarnuwa da mai, ya yi daɗi ƙwarai, amma sai a kira shi markaɗen zaitun.

Wasu ƙwararrun masu girki suna ganin duk wannan magana ta madadi cin mutuncin abincin mutane ce: in babu kayan, a dafa wani abu dabam. Hujjarsu tana da ƙarfi ta fuska ɗaya, domin mutanen da suka shafe ƙarnoni suna gyara girki sun san dalilin kowane sinadari, kuma baƙo bai cika ganin abin da ya rushe ba. Sai dai tarihin girkin Turai kansa bai goyi bayan wannan tsauri ba. Tumatirin da ke cikin puttanesca daga nahiyar Amurka ya zo a ƙarni na 16, kuma sai a ƙarshen ƙarni na 17 aka fara ganin miyarsa a littafin girki a Napoli. Turawan Ingila kuma, da suke son dafaffen naman tunkiya da miyar kabar alhali tsiron ba ya yi a sanyin ƙasarsu, tun da daɗewa suka nemi mafita a lambunansu. Littafin John Evelyn mai suna Acetaria, na shekarar 1699, ya kawo yadda ake jiƙa ƙullin furen nastashiyam a ruwan khal. Nastashiyam fure ne mai launin ruwan lemo da aka kawo daga tsaunukan Andes na Kudancin Amurka, kuma har yau ana kiran jiƙaƙƙen ɗanyen irinsa kabar ɗin talaka.

Abin lura shi ne waɗancan masu lambu, ba tare da ɗakin gwaji ba, sun faɗa kan madadin da ya fi kowanne kusa. Nastashiyam da kabar da mastad da kabeji duk babban rukunin tsirrai ɗaya ne, wanda masana ke kira Brassicales, kuma alamar gidansu ita ce wannan man mastad ɗin. Harshe ya gano zumuncin kafin littafi ya rubuta shi. Ana tsinkar irin tun yana kore, a jiƙa a ruwan gishiri kwana ɗaya zuwa uku don warinsa ya ragu, sannan a mayar da shi cikin ruwan khal na 'yan makonni. Tsiron yana son sanyi, don haka wurare irin Jos da tsaunin Mambila za su fi karɓarsa a kan Sakkwato ko Agadas.

Amma ba sai an je Andes ba. Wannan rukuni na tsirrai yana da 'ya'ya biyu da ke tsakar gidan Bahaushe: zogale da gwanda. Baƙaƙen 'ya'yan gwanda da ake kwashewa a zubar suna ɗauke da irin man mastad ɗin da ke cikin nastashiyam, kuma duk wanda ya taɓa tauna ɗaya ya san yadda yajinsa ke hawa hanci. Girmansu ma kusan na ƙaramin kabar ne. Idan aka wanke yauƙin da ke jikinsu aka jiƙa su a gishiri da ruwan khal, suna ba da aiki na uku da zaitun ya kasa, ko da yake sun fi kabar tauri da ɗaci, don haka 'yan ƙwayoyi kaɗan da aka daddage ake haɗawa da wani abu mai tsami, ba cokali guda ake zubawa ba. Kayan ƙamshi ne, ba abin ci da yawa ba, kuma ya fi kyau mai juna biyu ta ƙaurace musu.

Ta fuskar tsami da tauri kuwa, kasuwar Arewa ba ta da talauci. Ɗanyen mangwaro da aka yanka ƙanana kamar ƙwayar masara, aka barbaɗa masa gishiri ya kwana biyu ko uku, yana ba da tsami da gishiri da abin taunawa a lokaci guda, ba tare da maiƙo ba. A cikin puttanesca ya fi zaitun dacewa nesa ba kusa ba. Lemun gishiri na mutanen Maroko, wanda ba ya buƙatar komai sai lemo da gishiri da kwalba da haƙurin wata guda, ɓawonsa yana da ƙamshin fure da ɗan ɗaci da ke tuna wa mutum kabar na gishiri, kuma lemun tsami na gida yana yin wannan aiki. Ɗanyar tsamiya da yakuwa suna da tsami mai kyau, amma narkewa suke yi su game miya, saboda haka sun fi dacewa da girkin da ake buƙatar tsamin kawai. Jiƙaƙƙen koren masoron Turawa yana da siffar kabar sak, sai dai zafinsa na masoro ne, kuma shi ma daga ƙetare yake zuwa, wato an gudu ba a tsira ba.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai tsaya shi kaɗai. Madadi mai kyau haɗi ne na abu biyu ko uku: ɗaya ya kawo gishiri da tauri, ɗaya tsami, ɗaya yaji. A madadin babban cokali ɗaya na kabar, babban cokali ɗaya na yankakken koren zaitun ko mangwaron gishiri, da 'yan ɗigon lemun tsami, da mastad kamar girman ƙwayar gyaɗa, wuri ne mai kyau na farawa. Sauran aikin na harshen mai girki ne.

Gishirin kuma yana buƙatar lissafi. Giram 100 na kabar ɗin kwalba yana ɗauke da sodiyam fiye da miligiram 2,000, wato ya haura abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya tsaya a kai a yini guda. Ba wanda ke cin giram 100, amma babban cokali ɗaya ya kai kusan kashi ɗaya cikin goma na wannan iyaka. Italiyawa ba su cika ƙara gishiri a miyar da ke da kabar da anchobi ba. Mai girkin da ya saba jefa dunƙule biyu ko uku a kowace tukunya, idan ya haɗa da zaitun da mangwaron gishiri, zai kai wa mai hawan jini abin da bai yi ciniki ba.

Inda maganar ta fi nauyi shi ne wurin masu sayar da abinci. A gida, uwargida tana da 'yancin kiran girkinta duk sunan da ta ga dama. Amma gidan abincin da ya rubuta kabar a takardar jerin abincinsa, ya karɓi kuɗin kabar, sannan ya kawo yankakken zaitun yana fatan mai ci bai sani ba, ya tashi daga dabarar girki ya shiga algus, daidai da mai gauraya man gyaɗa da wani mai. Kuma abin bai tsaya ga kuɗi ba. Mastad yana cikin abubuwa 14 da dokar Tarayyar Turai ta tilasta a bayyana a jikin abinci saboda akwai mutanen da jikinsu ke yi masa mummunan bore. Wanda ya ɗauka kabar yake ci alhali mastad aka saka masa a ɓoye, an yi wasa da lafiyarsa. Abin mamaki ma shi ne gaskiyar ta fi ciniki: kaza da romon man shanu da mangwaron gishiri abinci ne da mai gidan zai yi alfahari da rubuta sunansa, ba abin ɓoyewa ba.

Wani zai ce duk wannan wahala ce a kan cimar da ba ta gado ba. Sai dai tambayar ba ta da ƙabila. Bahaushen da ke London ko Jidda ko Houston yana yin irin wannan lissafi duk ranar da daddawa ta ƙare, ko ya rasa kanwar da zai saka a ɗanwake. Wanda ya gane cewa aikin kanwa shi ne karya tsami da tausasa abu, zai miƙa hannu ga bakar soda ya samu biyan buƙata. Wanda ya tsaya neman abin da ya yi kama da kanwa a ido zai dawo hannu rabbana, ko ya dawo da abin da ba a ci.

Wannan na ƙarshe ba wasa ba ne, domin tarihin neman madadin kabar yana da nasa haɗarin. A Turai akwai wani tsiro, Euphorbia lathyris, da 'ya'yansa suka yi kama da kabar har Turawan Ingila suka laƙaba masa sunan, alhali guba ne, farin ruwansa ma ƙona fata da ido yake yi. An kuma daɗe ana jiƙa ƙullin wani fure mai ruwan ɗorawa da ke fitowa a fadamun Turai, Caltha palustris, wanda ɗanyensa yana da guba. Kama a ido ba ta taɓa zama shaidar lafiya ba, kuma kamar yadda za a gani, zumuncin jini ma bai zama ba.

Domin kuwa kabar yana da dangi na kusa a Sahel, gida ɗaya da su, wanda masana ke kira Capparaceae. Anza tana ciki, da jiga, da bagayi, da ungududu. Gasaya ma da can a gidan ake lissafa ta kafin a ware mata nata a maƙwabta. Anza, wato Boscia senegalensis, ita ce ta fi ban sha'awa, domin ɗacinta daga gulukokafarin yake, wato ainihin sinadarin da ke cikin kabar. Shi ya sa ake jiƙa 'ya'yanta kwanaki ana sauya ruwa kafin a dafa, kuma shi ya sa ganyenta ke korar ƙwari daga rumbu. A Darfur, inda ake ce mata mukheit, ta riƙe rayukan mutane da yawa a yunwar 1984 zuwa 1985. A Nijar kuma, a matsalar abinci ta 2005, kafofin labaran duniya sun riƙa nuna cinta a matsayin alamar an kai maƙura. Abin tunani ne a ce sinadari ɗaya, a tsibirin Italiya an ba shi kariyar suna ana sayar da shi da tsada, a Damagaram kuwa ya zama hoton yunwa. Wata masana'anta a Zinder, Sahara Sahel Foods, ta shafe shekaru tana sarrafa anza ta zama gari da sauran kayan ci don a sauya wannan kallo.

Indiya ta nuna cewa ɗan'uwan kabar na hamada yana iya zama abin alfahari. Capparis decidua, itacen da 'yan Sudan ke kira tundub, shi ne mutanen Rajasthan ke kira ker. Suna jiƙa ɗanyun 'ya'yansa a ruwan gishiri kwanaki har ɗacin ya fita, su yi jiƙo da shi, su kuma dafa shi a girkin ker sangri da ake kawowa a bukukuwa.

Duk da haka, wannan ba gayyata ba ce ga kowa ya shiga daji da kwalba. A cikin gidan nan ne haujeri yake, Capparis tomentosa, wanda ya fi anza kusanci da kabar a zuri'a, amma an san shi da kashe awaki da raƙuma. Hanyar sarrafa 'ya'yan anza an gaje ta ne daga kakanni bayan gwaji na ƙarnoni, kuma ta ƙunshi wanke ɗacin ne, ba riƙe shi ba. Ba ta ba da izinin jiƙa ƙullin furenta a gishiri a zuba wa baƙi a taliya ba. Wannan aikin ɗakin gwaji ne, irin wanda ya dace da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, ko INRAN da Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai: a auna abin da ke cikin ƙullin furen anza da jiga da ungududu, a ga abin da gishiri ke yi masa, a tabbatar da adadin da jiki zai ɗauka. Itatuwa ne da ke yin kore a tsakiyar rani ba tare da ban ruwa ba, kuma tsinkar ƙulli da hannu sana'a ce da ke ciyar da ƙauyuka a Maroko. Ko binciken ya ƙare da cewa ba ya ciyuwa, sanin hakan ya fi a bar shi ga mai ƙarfin hali.

Ga wanda kuma ya yi dace da kabar na ainihi, ko yana da ɗan'uwan da zai dawo daga Kasabalanka ko Istanbul ko Tunis, na busasshen gishiri ya kamata ya nema, ba na cikin ruwan khal ba. Ya fi ƙamshi, ba ya zuba a jaka, kuma yana daɗewa watanni a rufaffiyar kwalba ba tare da firji ba, abin da ba ƙaramin al'amari ba ne inda wutar lantarki ba ta da alƙawari. Ana ɗauraye shi a jiƙa a ruwan sanyi kamar minti 15 kafin amfani. Gishirin da ya rage a gindin kwalbar ya riga ya sha ƙamshin, don haka idan ƙwayoyin sun ƙare, da shi ake barbaɗa wa yankakken ɗanyen mangwaron da zai gaje su.